Kunnen giwa da rumfar kwano

Giwa kusan ba ta gumi, ga ta da jiki tan 5 ko 6, amma tana wuce bazara lafiya a gandun dajin W, kudu da Yamai. Dabararta ta farko kunnuwa ce. Fatarsu siririya ce, cike da jijiyoyin jini. In ta kaɗa su, iska ta kwashe zafin, jinin ya koma jiki da sanyi. Ta biyu ita ce fatar jikinta, mai tsage-tsage kamar ƙasar tabki da ya ƙafe. Ruwa da laka suna maƙalewa a tsagun, su daɗe suna bushewa a hankali. Duk mai randar ƙasa a gida ya san wannan aiki: randar da ke tsattsafo ita ke ba da ruwan sanyi.

To, ku dubi rumfunan da ake gina wa ƙungiyoyinmu don kiwon turke. Bulo ta ko'ina, kwano a bisa, ƙasa-ƙasa har mutum na taɓa shi da hannu. Sun yi kyau a hoto, ban musa ba. Amma a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Tawa da Damagaram, ragon da na tarar a irin wannan ɗaki haki yake yi, ya bar dusa, kuɗin mai shi na narkewa. Saniya kuwa nononta ke raguwa. An ba bisa inuwa, an hana ta iska.

A ganina, kafin a sa hannu a kan zanen rumfa, ƴan ƙungiya su tsaya a kan abu guda: iska ta shiga ta fita. A ɗaga rufin ya kai mita 3, a bar gefuna a buɗe, tsawonta ya bi gabas da yamma. In kwanon ya zama dole saboda damina, a shimfiɗa masa zana ko karan hatsi a bisa.

Laka kam a bar wa giwa. Turke mai danshi yana kawo ƙuda da ruɓar kofato. In ruwa ya samu, a jiƙa wuya da bayan bisa da tsakar rana, a wurin da iska ke bugawa, ƙasan kuma ya zauna a bushe.