Raddi Ga Mai Haramta Duk Na'urar Da Ake Dasawa A Jiki

Akwai wani karatu da ke yawo a wayoyi, inda wani malami, Allah ya ƙara masa lafiya, ya yanke cewa duk na'urar da aka dasa a jikin ɗan Adam haramun ce, kuma share fage ce ga Dujal. Hujja huɗu ya kawo. Ukun farko ba za su kai shi ko'ina ba. Ta huɗun ce mai nama, ita kuma ya tsallake ta a guje.

Ya fara da cewa sauya halittar Allah ne, ya jingina da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i. To Malam, ina za mu kai hadisin Arfaja bin As'ad da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito? An sare masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da sa na zinare. Zinaren da aka hana maza fa. Da irin wannan ne malaman fiƙihu suka raba gyaran aibi da sauya halitta don ƙawa ko yaudara. Na'urar daidaita bugun zuciya gyaran aibi ce tsantsa. An fara dasa ta a 1958 a Suwidin, a jikin Arne Larsson, ya kuma rayu har 2001. Likitan da ya yi masa aikin ma ya riga shi barin duniya. Wa zai dubi mai ciwon zuciya ya ce masa cire, kana saɓo?

Sai ya ce da ƙwayar lantarkin da ake dasawa a jiki ake bin sawun mutum ta tauraron ɗan Adam. Da ya tambayi masu gyaran waya kafin ya hau mumbari, da sun hutar da shi. Ƙwayar da dubban 'yan Suwidin suka sa a hannu, tsakanin babban yatsa da manuni, ba ta wuce ƙwayar shinkafa girma ba. 'Yar kwalba ce da siririyar waya nannaɗe a ciki, babu batir. Tana kwance shiru har sai an kara ta da na'urar karantawa, tazarar 'yan santimita, sannan ta sami wutar da za ta furta lambarta. Dabarar nan ce a katin banki da ake karawa a POS. Mai son sanin inda Malam yake, wayar da aka naɗi karatun da ita ta ishe shi.

Ta uku, wai a allurar riga-kafi ake cusa ta. Ƙwayar sai da allura mai faɗin baki take shiga, ba za ta bi ta siririyar allurar riga-kafi ba. Mun kuma ɗanɗana kuɗar jita-jita a 2003, lokacin da Kano ta dakatar da riga-kafin shan inna, cutar ta sake bazuwa har ƙetare.

A ta huɗu ya ce za a mallake mutane. Nan ina tare da shi, sai dai ya nuna ƙofar da ba ta nan ɓarawon zai shigo ba. A 2017 kamfanin Three Square Market na jihar Wisconsin a Amurka ya sa wa ma'aikatansa kimanin 50 ƙwayar, aka ce da son ransu. Wane son rai ne ga wanda albashinsa ke hannun mai tayin? Jihar ta hango haka tun 2006, ta yi dokar hana tilasta wa kowa. A 2017 ɗin dai hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar cewa na'urorin zuciya 465,000 na kamfanin Abbott na buƙatar sabunta manhaja, domin masu kutse na iya taɓa su daga waje. Mafi ɗaci shi ne labarin kamfanin Second Sight: makafi sama da 350 aka dasa wa na'urarsa ta Argus a ido, kamfanin ya daina ƙera ta, ya kusa durƙushewa a 2020, aka bar bayin Allah da ƙarfe a ido babu tabbacin mai gyara. Ga kamfanin Neuralink ya shiga ƙwaƙwalwa tun Janairun 2024, har Noland Arbaugh, da jikinsa ya shanye, yana motsa alamar kwamfuta da tunani kawai.

Waɗannan ne mas'alolin da ke jiran fatawa. Bayanan da na'ura ta kwaso daga zuciya ko ƙwaƙwalwa, mallakin wa ne? In kamfani ya karye, wa ke da lamunin gyara ko cirewa? Ya halatta mai gida ya sharɗanta wa ɗan aikinsa dasa ƙwaya kafin ya ɗauke shi? Babukan lamuni da ijara da tilas suna nan cikin littattafan Malikiyya da Malam ya fi ni sani, kuma ko ɗaya bai buɗe ba a karatun nasa.