Sinadaran Zaƙi A Madadin Sukari: Ina Matsalar Take?

Tsadar sukari ta sa wasu masu sayar da zoɓo da kunun zaƙi komawa ga sinadarai irin su sakarin, wanda ɗan kaɗan ke zaƙaƙa bokiti guda. A Malkohi da ke wajen Yola da kasuwannin Jimeta, ana sayar da waɗannan abubuwan sha a leda ko gora, ba tare da bayanin abin da ke ciki ba.

A watan Mayun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da waɗannan sinadarai don rage ƙiba. A watan Yuli kuma, cibiyarta mai binciken cutar daji ta sanya aspartame cikin abubuwan da mai yiwuwa su haddasa cutar, amma aka bar iyakarsa a miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana.

Matsalar ita ce awo. Kayan masana'anta na ƙarƙashin sa idon NAFDAC, na bokiti kuwa da ido ake zubawa. Zuma ma sukari ce a jiki. Mafita ita ce sabawa da ƙarancin zaƙi, musamman ga yara.