Kafin Ganuwa Ta Zama Tatsuniya

'Yan'uwa marubuta, makon nan faɗa na zo yi.

Duk azumi gidauniyoyin unguwanninmu a Kano suna tara kuɗi, a raba shinkafa, a ɗauki hoto. Madalla, Allah Ya ba da lada. Amma guda nawa ne suka taɓa ɗaukar hayar mota suka kai 'yan firamare su ga ganuwa?

Za a ce ana fama da yunwa, wa yake ta tsohon gini? To a saurara. Ganuwar nan da Sarki Gijimasu ya fara kimanin shekara 900 da suka wuce, da ƙasa aka gina ta, haka gidajen birni. Ramukan da aka haƙa suka zama kududdufai masu ɗaukar ruwan damina. Yau an cike su da shara, an yanka filaye. Ruwa ya rasa mazauni, sai ya biyo mu har ɗaki. Yaron da aka tsayar a bakin kududdufi aka yi masa wannan bayani, da wuya ya girma yana zuba leda a kwata.

Abin da za a kashe bai kai kuɗin rumfar taro ba: mota, ruwan sha, kuɗin shiga Gidan Makama.

Mu ma da namu laifin. Taurarin littattafanmu suna Dubai, mu kuwa ko Dala ba mu hau ba. Kowa ya je Dala ko marinar Ƙofar Mata, ya rubuta shafi ɗaya da ɗan aji biyar zai gane, ya miƙa wa gidauniyar unguwarsu. In ta ƙi karɓa, wannan ma a rubuta.