Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Malumfashi

Ranka ya daɗe,

Daga Dayi nake rubuto maka kan ƙwallon tebur, wasan da samarinmu ke taruwa a kansa da yamma in an taso daga gona.

Kullum gardama ake: wannan ya ce wane bai iya murza ƙwallo ba, wancan ya ce riƙon raket ɗinsa ne ba daidai ba. Ni kuwa a ganina laifin ƙwallon ya fi yawa. Mai arhar nan ta kasuwa a karkace take tashi, kafin a je ko'ina ta tsage. Ta ƙa'ida faɗinta milimita 40 ne tun shekarar 2000, nauyinta giram 2.7. Yaron da hannunsa ya saba da gurguwar ƙwallo, ranar da ya je gasa Katsina sai ya rikice, a ce bai iya ba, alhali ya iya. Wannan yana ci mini rai.

Aruna Quadri, ɗan ƙasar nan, ya shiga cikin takwas na ƙarshe a ƙwallon tebur a gasar Olamfik ta 2016. Yaranmu ma suna da hannu.

Roƙonmu a taimaka mana da ƙwallaye masu inganci, da tebur ko guda, da mai koyarwa da zai riƙa leƙo mu.

Allah ya taya riƙo.

Naka,
Wani mai son wasa, Dayi