Bakassi: An Yanke Hukuncin Ƙasa, Saura Haƙƙin Mutane

Duk wanda ya yi nazarin husumar da ta auku tsakanin Najeriya da Kamaru a kan Bakassi, in dai ya yi insafi, zai tarar asalin fitinar ya girmi ƙasashen biyu, domin tun a 1913 Ingila da Jamus suka ƙulla mu'ahadar da ta sanya wannan yanki na fadamu da masunta a ɓangaren Jamus, alhali sarakunan Kalaba, waɗanda suka karɓi kariyar Ingila a 1884, ba su cikin masu sa hannu. Bayan mulkin kai, Janar Gowon da Shugaba Ahidjo suka haɗu a Marwa a 1975 suka shata iyakar teku, amma kafin wata biyu ya cika aka kifar da gwamnatin Gowon, waɗanda suka gaje shi kuwa suka ce takardar ba ta ɗaure su ba. Da kwaɗayin man fetur ya shiga tsakani, sai abin da yake jayayyar taswira ya zama zubar da jini: an kashe sojojin Najeriya biyar a 1981, aka sake gwabzawa daga ƙarshen 1993, har Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya a 1994.

A ranar 10 ga Oktoba 2002 alƙalai suka ba Kamaru gaskiya, suka rinjayar da hujjar takarda a kan hujjar zama. Mu mutanen Arewa kada mu zaci al'amarin na Kudu ne kaɗai, domin hukuncin ya shafi Tafkin Chadi, inda masunta suka bi ruwa yana janyewa har suka kafa garuruwa irin su Darak, hukumar Najeriya ta bi su da makaranta da haraji, sannan a Disambar 2003 aka miƙa ƙauyuka fiye da 30 ga Kamaru.

Ra'ayina shi ne, Shugaba Obasanjo ya yi daidai da ya karɓi wannan hukunci mai ɗaci, ya sa hannu tare da Shugaba Biya a yarjejeniyar Greentree ta 2006, har aka kammala miƙa yankin a 14 ga Agusta 2008. Domin wanda ya tuna yadda Habasha da Iritiriya suka hallaka dubun dubatar samarinsu tsakanin 1998 da 2000 a kan ƙaramin garin Badme, ba zai raina ni'imar sulhu ba, ko da an saye shi da tsada.

Sai dai sulhun da ya raba daula da daula bai sauke nauyin talakawa daga wuyan shugabanni ba, kuma a nan ne aka gaza. Mutanen da suka zaɓi su ci gaba da zama 'yan Najeriya, suka baro jiragensu da kaburburan iyayensu, an tsugunar da su a yankin Akpabuyo na Jihar Kuros Riba, shekaru suna wucewa suna kukan rashin muhalli da sana'a, ga shi kuwa masunci in an raba shi da ruwa an raba shi da abincinsa. Waɗanda suka zauna kuma, tun da wa'adin riƙon ƙwarya da yarjejeniyar Greentree ta tanada ya ƙare a 2013, sun wayi gari baƙi a mahaifarsu. Ita kanta Jihar Kuros Riba, da ta rasa gaɓar teku, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Akwa Ibom rijiyoyin mai 76 a 2012.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da Majalisar Ƙasa da su ware wa waɗannan bayin Allah, na Bakassi da na Tafkin Chadi baki ɗaya, matsuguni na dindindin a bakin ruwa, da diyyar abin da suka rasa, domin amana ce aka ɗauka da sunansu ba tare da shawararsu ba, cika ta kuwa wajibi ne.