Bajon Maharban Bindiga Mai Ruwa: Lissafin da Dillali Ba Ya Yi Maka

A shekarar 1916, lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kafe cikin ramuka daga gaɓar tekun Beljiyam har iyakar Suwizalan, rundunar Jamus ta ware zaɓaɓɓun sojoji, ta ba su horo na musamman a kan bindiga mai ruwa samfurin MG 08, ta kuma ba su bajo su ɗinka a damtsen hannun riga na hagu. Sunan rukunonin MG-Scharfschützen, wato gwanayen harbi da wannan bindiga. Bajon bai cika tafin hannu ba. Siffar ƙwai gare shi, hoton bindigar a kan mazauninta na tsakiya, ɗamarar harsashi ta kewaye ta, an dasa ƙarfen a kan ƙyallen ulu ruwan toka, wani faifan ƙarfe kuma ya riƙe su ta baya. Yau masu tara kayan yaƙi a Turai da Amurka suna biyan ɗaruruwan yuro don su mallaki guda ɗaya, wasunsu har suna kiran abin jari. Wannan kalma ta jari ce ta sa na ɗauki alƙalami na yi lissafi.

Bindigar kanta ba baƙuwa ba ce a tarihinmu. Jikar ƙirar Hiram Maxim ce ta 1884, irin wadda Turawan Ingila suka girka a bakin Sakkwato a watan Maris na 1903. Ta Jamus tana cin ɗamara mai harsashi 250, tana aman kusan 450 a minti guda, ruwan da ke kewaye da bututunta ne ke hana ta narkewa. A ranar 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta gwabzawar Somme, Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470 tsakanin matattu da raunana da waɗanda suka ɓace ko aka kama, 19,240 daga ciki sun mutu, kuma wannan bindiga na da babban kaso a ɓarnar. Nauyin wannan tarihi ake sayarwa. Ƙarfe da ƙyallen, in don su ne, ba su kai kuɗin shayi ba.

Mu fara da abin da ya fi sauƙin ƙirgawa. A ce an buga guduma a gidan gwanjo a kan yuro 400. Gidajen gwanjo kan ɗora wa mai saye la'ada, sau da yawa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na farashi, ka ga ya zama 500 tun ba a zo maganar aikawa, inshora da kwastan ba. Ranar da ka tashi sayarwa kuma, kai ne za a yanka. A ce kashi 20 suka cire: kafin 500 ɗinka su dawo, sai guduma ta faɗi a kan 625. Wato sai kayan sun ƙara daraja da fiye da rabi kafin ka tashi babu riba babu faɗuwa. In kuwa wajen dillali ka kai, shi ma da ribarsa yake ci da iyali, ba zai ba ka farashin da ya rubuta a shagonsa ba.

Wannan duk idan bajon na gaske ne. Nan gizo ke saƙar.

Bajon ba shi da lambar siriyal, ba shi da sunan wanda ya sa shi. Abin da ake samu a wasu shi ne tambarin maƙera a faifan baya, irin su C.E. Juncker na Balin, kuma tambari shi ne abu mafi sauƙin kwaikwayo. An daɗe ana ƙera kwafi a fili domin masu fim da masu wasan kwaikwayon yaƙi, ana sayar da su 'yan gommai na yuro, babu ha'inci a ciki. Ha'incin na shigowa ne idan wani ya sayi kwafin, ya shafa masa sinadari ya dushe, ya goge gefen ƙyallen ya yi kamar ya sha jiki, ya kai kasuwa da labarin wai a akwatin wani tsoho aka tsince shi.

Masana na da hanyoyinsu. Na asali bugu ne, an matse farantin ƙarfe tsakanin hatimai biyu na ƙarfe, saboda haka harsasan da ke jikin ɗamarar kan fito ɗaya bayan ɗaya, tsaf. Jabu sau da yawa zubi ne: an ɗauki siffar na asali an zuba narkakken ƙarfe, sai zanen ya yi laushi, ƙananan ramuka su bayyana a fuska, girman kuma ya ɗan ragu domin ƙarfe kan tsuke idan ya huce. Shi ya sa mai tara kaya na gaske ba ya rabuwa da gilashin ƙara girma, da ma'aunin milimita, da ƙaramin sikeli. Akwai kuma fitilar nan mai shuɗin haske da ake haska ƙyalle da ita, domin zaren da aka yi wa sinadarin ƙara fari na zamani kan yi ƙyalli a ƙarƙashinta. Sai littattafai, irin na Jürgen Kraus a kan kakin sojan Jamus na 1914 zuwa 1918, manya ne, kuma ba su da araha. Kafin ka sayi bajo ɗaya da idonka a buɗe, ka kashe kusan kuɗin wani bajon.

To amma mai jabu ma yana karatu. Duk alamar da masana suka wallafa, darasi ce gare shi. An ce zubi na tsukewa? Ya koma bugu. An ce sabon ulu na ƙyalli? Ya nemo tsohuwar rigar soja da ta yage, ya yanko ƙyallen zamanin, ya ɗora sabon ƙarfe a kai. Fitila ba za ta ce komai ba, domin ƙyallen ba ƙarya ya yi ba. Akwai ma na haɗe-haɗe, fuska ta asali, baya sabo. Kuma tunda maƙera da yawa ne suka yi bajon, ga ƙarancin tagulla da ya sa masana'antun Jamus komawa ga ƙarfe da tutiya yayin da yaƙin ya tsawaita, duk wani bambanci da aka gani mai sayarwa na iya cewa "wani samfuri ne da ba a cika gani ba". Wani lokaci gaskiya yake faɗa, shi ya sa maganar take ci. Mai saye ta hoto a intanet kuwa, cinikin biri a sama yake yi, domin hoto ba ya nuna nauyi.

Sai a ce maka ai akwai takardar shaida. Takarda ra'ayin mutum ɗaya ce, sau da yawa ma na wanda ke sayar maka da kayan. Konrad Kujau, kafin duniya ta san shi, dillalin kayan soja ne a Stuttgart, kuma yakan haɗa wa kayansa takardun shaida da hannunsa. Shi ne ya rubuta kundayen da aka ce na Hitler ne, mujallar Stern ta biya sama da mak ɗin Jamus miliyan 9, babban masanin tarihi Hugh Trevor-Roper ya fara amincewa da su, kafin binciken takarda da tawada ya tona asiri a 1983. Mujalla mai kuɗi da lauyoyi ke nan. Ina ga mai albashi da ya ga bajo a teburin kasuwar ƙarshen mako?

Ko an dace dillali ya haɗa da suna, ya ce na wane ne ɗan rukuni kaza, bin diddigi wani kashe kuɗi ne da ba lallai ya haifar da komai ba. Ma'ajiyar takardun sojan Furushiya da ke Potsdam ta ƙone a ruwan bama-bamai na watan Afrilu 1945, kuma Furushiya ce ke da mafi yawan sojojin daular Jamus. Rajistar sojojin Bavariya ta tsira a Munich, ta Württemberg tana Stuttgart, ta Baden tana Karlsruhe. In mutuminka daga can yake, ka yi sa'a, sai dai ka iya Jamusanci da tsohon rubutun hannunsu, ko ka biya wanda ya iya. Kuma ko rajista ta tabbatar cewa mutumin ya yi aiki a rukunin, ba ta ce wannan ƙarfen da ke hannunka shi ne ya rataya a damtsensa ba.

Ajiya ma da nata haraji. Asu na cin ulu, laima na kawo tsatsa, tutiyar da aka gauraya da dalma kuma tana da wata cuta da ke sa ta kumbura ta farfashe, ba a kuma san maganinta ba. In ka ce bari ka goge shi ya yi ƙyalli, ka zubar da rabin darajarsa a idon masu saye.

Ta fuskar doka, bajon 1916 ba shi da matsala, na zamanin sarautar Jamus ne, kafin Nazi. Amma teburin da ake sayar da shi shi ne teburin kayan zamanin Nazi, kuma mai tara kaya ba ya cika tsayawa inda ya fara. Sashe na 86a na kundin laifuffukan Jamus ya hana baje alamomin Nazi a fili, in ba don ilimi, bincike ko makamancinsu ba. Ostiriya na da tata dokar tun 1960, eBay kuma ya hana cinikin irin waɗannan kaya tun 2001. Wanda ya zarce can ya rage wa kansa kasuwa, ya ƙara wa kansa bayani a gaban kwastan da gaban baƙin da suka shigo falonsa.

Akwai kuɗin da ba mai saye ke biya ba, shi ne ya fi damuna. Wasu bajojin daga ƙasa ake tono su, kuma ana tallarsu da hakan domin tsatsa na ƙara musu kamar gaskiya. Haƙa da na'urar gano ƙarfe ba da izini ba laifi ne a Faransa, amma ana yi. Filayen yaƙin Verdun da Somme har yau cike suke da mutanen da ba a binne ba. Ƙungiyar Volksbund, wadda aka kafa a 1919 don kula da kaburburan sojojin Jamus, da lambar wuya da 'yan tarkacen da ke jikin gawa take gane ko wane ne. Idan mai haƙa ya riga ta zuwa ya kwashe, ƙasusuwan sun rasa suna ke nan har abada.

Ban ce babu abin so a harkar ba. Wanda ya riƙe bajo na gaske, musamman in ya zo tare da hoton sojan sanye da shi da littafin aikinsa da aka rubuta rukuninsa a ciki, ya riƙe wani abu da littafi ba zai ba shi ba. Irin wannan tarin ne kaɗai nake ganin ya cancanci kuɗinsa, kuma shi ne mafi tsada da wuyar samu. Sauran, sha'awa ce, mai ita ya sa ta a layin abin da yake kashewa don jin daɗi. Ilimin da ya tara na gane bugu da zubi ba ya shiga rabon gado. Magada akwati za su tarar da ƙarafa a ciki, su kira dillali mafi kusa, shi kuma ya yi musu kuɗin goro a kan duka, na gaske da jabu, domin shi ma sai ya koma shago ya tantance.