Ruwan Tiga, Kifin Gashua, Tukunyar Yusufari

A Yusufari ba mu da kogi. Tuddan rairayi gare mu, da kwarin dabino irin na Tulo-Tulo. Amma ranar kasuwa sai ka ga ana sauke kwalayen banda daga Gashua da Nguru, kuma da ita matanmu ke gyara miyar kuka. Idan taru ya fito wayam a bakin Komadugu, a tukunyarmu ake ganewa.

Kowane masunci ya san ambaliya ce uwar kifi. Idan ruwa ya malala fadama da damina, tarwaɗa da karfasa da bargi sukan shiga ciyawa su zuba ƙwai, 'ya'yan su yi ƙwari kafin ruwa ya janye. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, lissafin ya rikice. Ambaliyar ta ragu. Ruwan da ake saki da rani kuma ya ba ciyawar kacala wurin zama, ta yi kaka-gida, ta toshe hanyoyin ruwa. A wajen Nguru ruwa ya kwanta a gonakin mutane, can ƙasa kuma ana neman sa ido rufe.

To, kogin nan ba namu ba ne mu kaɗai. Gaba da Geidam shi ne iyakarmu da Nijar, ya ratsa ta Diffa, ya nufi Tafkin Chadi wajen Bosso da Malam Fatori. Kifin da aka ƙyanƙyashe a fadamar Bade yana iya ƙarewa a komar ɗan Diffa. Wanda ya datse rafi da dumba, ko ya tace 'ya'yan kifi da gidan sauro a waccan gaɓar, mutanen wannan gaɓar ya cuta, haka mu ma idan mun yi.

Takardu kam ba mu rasa su ba. Tun 1964 Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a Fort Lamy, wato Njamena ta yau. A 1990 Najeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da Komadugu. A 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka shiga jerin dausayin Ramsar. Abin da ke ci mini rai shi ne, a yawancin tarukan nan maganar noman rani da ruwan birane ake yi, masunci sai dai ya ji a rediyo. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023, da aka rufe iyaka wata da watanni, ko gaisuwar gwamnatocin ma ta yi sanyi, alhali ruwa bai daina gudu ba.

Duniya ta nuna ana iya zama a daidaita. A 2022 a Janeba, ƙarƙashin 'yarmu Ngozi Okonjo-Iweala, ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suka amince a daina tallafa wa jiragen da ke satar kifi. Sai dai yarjejeniyar ta teku ce, ba ta san da mai gora da koma ba. Wasu kuma na cewa a koma kiwo, tunda a shekarar 2022 ɗin, bisa ƙididdigar hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kifin kiwo ya zarce na kamu a karon farko. Ina goyon bayan kiwo. Amma kududdufin ma ruwa yake sha, buhun abincin kifi kuwa ya fi ƙarfin mutumin da jarinsa kwalekwale ɗaya ne.

Roƙona ga Abuja da Yamai da gwamnatin Yobe mai sauƙi ne. A sanar da ranakun sakin ruwan Tiga da Challawa tun kafin damina, a saki wani kaso domin fadama. A tsayar da watannin hana su iri ɗaya, da girman idon taru iri ɗaya, a gaɓa biyun. Kuma ranar da za a zauna, a kira sarakunan ruwa na Nguru da Gashua da Geidam da Diffa, a ba su kujera a gaba, domin su ne za su tsaya a bakin ruwa da asuba su ce wa ɗan'uwansu ya ɗage dumbarsa.